Shekarar da Aka Shimfiɗa Ciyawar Roba

Na yi kiwon awaki a saman bene a unguwar Bani Malik ta Jidda shekara da shekaru, kuma ba maƙwabcin da ya taɓa hawowa ya ce wari ya dame shi. Da wannan na fara saboda har yau akwai matan da ke cewa wari ne ya sa aka rabu da su. Ba su san komai ba. Ni nake share wurin safe da yamma, ni nake wanke shi, har turare nake sa wa a bakin matakala. Abin da ya raba ni da awakina ciyawa ce, kuma bari in faɗi yadda aka yi.

A wani ƙauye na bakin kogi a Sudan aka haife ni. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, hanya ta yi musu nisa, suka zauna suka yi gona. Ni ce na ƙarasa musu tafiyar. Ina amarya muka ƙetaro teku da maigidana, muka sauke farali, muka zauna a Jidda. Shi yana da kafili, wato ɗan ƙasa da ya tsaya masa, ni kuma ina cikin iƙamarsa, takardar izinin zama, haka muka rayu ba tsoron kowa. Da Allah ya karɓi abinsa, takardar ta bi shi. Ɗana yana da tasa iƙamar, amma ta lebura ce, an ce ba ta ɗaukar uwa. Ƙauyenmu kuwa yaƙi ya watsa shi, ban san ko mutum ɗaya da ya rage a can ba. To kun ga, idan 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka kama ni a titi, za su sa ni a jirgi su kai ni inda ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa, kuma ba dawowa.

Ɗan nan nawa ɗan fari ne. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon tsakar idonsa, ba ta zama ta yi hira da shi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi wa nawa. Yayar maigidana ce ta goye shi, ita ce ta yi masa rawa ranar aurensa, ni ina ɗaki. Matan zamanin nan suna cewa wannan tsohon yayi ne, to su suka sani. Ni dai na riƙe abina, ban taɓa saki ba, kuma duk hararmu, wato unguwarmu, an san ni da shi. Idan ina da magana, sai in ce wa matarsa: faɗa wa mijinki kaza. Ko yana zaune a wurin, ta bakinta maganar za ta bi. Shi ma ya saba. A Jidda aka haife shi, Hausa tana masa nauyi a harshe, sai ya amsa da Larabci yana kallon ƙasa, ita kuma ta juyo ta maimaita mini abin da na riga na ji da kunnena. Baiwar Allah, ba ta taɓa ƙosawa ba.

Shekarar da kame ya yi tsanani, ya aiko ta ta ce mini fita ta ƙare. Ba kasuwa, ba biki, ba gaisuwar mutuwa sai in a mota ne da shi. Na ce ta tambayi mijinta, awakin da ke sama, waɗanda 'ya'yansa suke shan nononsu, iska za su ci? Aka yi ta kai da kawowa, ta hau ta sauka har ƙafarta ta gaji. A ƙarshe aka tsaya a kan abu ɗaya: zan riƙa zuwa filin kulliya ranar yankan ciyawa, da safe, ta lungunan baya, in ɗebo in dawo. Ban da nan ba ko'ina. Na karɓa, don na san ko ƙofa ɗaya ce ta ishe ni in ga gari.

Filin ƙwallon ɗaliban wata kulliya ne, wato kwaleji, can wajen Aziziyya, bayan wata doguwar katanga. Mu masu kiwo a saman bene mun raba wuraren ciyawa a tsakaninmu tun da daɗewa, ba takarda, ba shaida, amma kowa ta san nata. Wata lambun asibiti ne nata, wata na wani babban gida. Filin kulliya nawa ne, na gaje shi daga yayar maigidana lokacin da gwiwa ta kayar da ita. Ba macen da za ta tura kekenta ƙofar nan ba ta nemi izinina ba. Keken kuwa na tura jarirai ne, muna ce masa arabiya, buhu biyu yake ɗauka in an danna da kyau.

Maigadin ƙofar baya wani tsohon ɗan Yaman ne mai jan gemu. Da ya hango ni zai miƙe ya ce ga hajja uwar awaki, ya tambaye ni ko 'yan matan nawa, wato awakin, sun kwana lafiya. Ni kuma in ce masa sun fi shi ƙiba. Shi ke gaya mini makon da aka zuba taki ko aka yi feshin magani, ya ce kar in ɗiba, in bari sai an yi ban ruwa an sake yanka. Mai injin yankan yakan juye mini a gindin katanga, tsibi guda, ɗanya sharaf.

Ɗibar ciyawar fili ba kamar yankan ciyawar daji ba ce. Gajera ce, laushi gare ta kamar gashin jariri, kuma in ka bar ta a buhu ta yi ɗan jimawa sai ta ɗau zafi, ka sa hannu ka ji kamar tuwo. Akuya ta ci wannan, cikinta ya kumbura. Don haka ba tsayawa hira a hanya, ana isa gida a baza ta a inuwa ta sha iska. Wadda aka yanko daga kan farin layi kuma ware ta nake yi, don fenti ne a jikinta. Duk wannan na iya, kuma awakina ba su taɓa kumburi ba ko sau ɗaya.

Amma in don ciyawa ce kawai, da ban ba ku wannan labari ba. Idan na gama cika buhu, maigadin yakan juya baya ya shiga ɗakinsa ya ɗora shayi, ni kuma in cire takalmi in taka filin. Jama'a, wanda ya tashi a bakin kogi ya zo ya yi shekaru yana taka siminti da kwalta, shi kaɗai zai gane. Sanyi ya ratsa tafin ƙafa ya hau har gadon baya. Ƙasa tana motsi kaɗan a ƙarƙashinka. Ga ƙamshin ɗanyen yanka, ga tsuntsaye suna bin bayan inji suna tsintar ƙwari. Nakan tafi daga wannan raga zuwa waccan in dawo. A gaban kowace raga akwai wurin da ya yi sanƙo, inda mai tsaron gida ke tsayawa, nan nakan tsaya in murza yatsun ƙafata a cikin ƙasa. Ban taɓa ganin wasansu ba, da yamma suke yi, lokacin ina gida. Amma na san filin fiye da su, na san inda ruwa ke kwanciya da inda tururuwa suka yi gida.

Ga kuma hanyar kanta. Mai gasa burodi a kwana, da matar da ke sayar da gyaɗa a ƙofar makaranta, 'yar garinmu ce, mukan gaisa a tsaye. A bakinta nake jin wadda ta haihu da wadda ta rasu. Duk duniyata a lokacin ke nan, daga ƙofarmu zuwa katangar nan.

Ɗana kuwa aikinsa shimfiɗa ciyawar roba ne. Kamfanin kafilinsa ke yi wa filayen haya na cikin unguwanni, inda samari ke biya su buga ƙwallo. Na san aikin ta wurin wankinsa. Kullum a naɗin ƙafar wandonsa akwai wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin ɓera, matarsa ta ce garin tsohuwar tayar mota ne, da shi ake cika tsakanin ciyawar. Gwiwoyin wandon sun ƙoƙe, hannunsa duk gam. Da wannan aikin ake biyan haya, da shi ake sayen shinkafar da nake ci, a kansa iƙamarsa take. Ban taɓa kawo wa raina cewa aikinsa da filina za su haɗu ba. Ina ganin roba ta masu haya ce, kulliya kuwa ai gidan manya ne, sun fi ƙarfin ciyawar ƙarya.

Wata safiya na isa, sai na tarar maigadin bai miƙe ba. Ya ce in shigo in gani da idona. An kashe ban ruwa, filin ya yi ja, ga wata motar haƙa a tsakiya tana ɗaye shi kamar ana feɗe rago. Ya ce shugabannin kulliya sun yanke shawara, roba za a sa. Ya ce wai ciyawa tana shan ruwa da yawa, tana son hutu, ɗalibai kuma sun yi yawa, kowa yana son ya buga. Sannan ya ce ai ya ɗauka na sani, tunda ɗana yana cikin waɗanda suka zo awon filin tun watan jiya.

Na tura arabiyata ba komai a ciki na koma gida. Ban tsaya wurin mai gyaɗa ba.

Da yamma ɗana ya dawo, yana cin abinci, na ce wa matarsa ta tambayi mijinta tun yaushe ya sani. Ya ajiye cokali. Ya ce ta gaya mini ba shi ya zaɓa ba, inda aka tura shi nan yake zuwa, in ya ƙi kafili ya soke iƙamarsa dukanmu mun tashi. Na ce ta tambaye shi ko bakinsa ma kafili ne ya riƙe. Sai ya shiga kawo dalilai, ita tana juyowa tana maimaitawa. Wai ta roba ba ta son ruwa, ba ta sanƙo, ba taɓo, ana buga ta safe da dare ba ta gajiya. Wai ruwan da filin nan ke sha a rana ɗaya zai ishi benenmu duka. Na ce ta gaya masa tsuntsu ba ya sauka a kanta, kuma na ji shi da bakinsa yana cewa da azahar ba ta takuwa, tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi, yaran da suka faɗi a kai fatarsu na saluɓewa. Ya ce haka ne. Ya ce amma an riga an sa hannu.

Maganar ruwan nan ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Na sha zama a gidan nan famfo a bushe, muna jiran motar ruwa, jikokina ba wanka, alhali da safe na ga ana feshi a fili har yana gudu a ƙasa. Ruwan garin nan daga teku ake tace shi, ba kogi ba ne. Na san wannan. Amma sanin bai sa na ji sauƙi ba.

Aikin ya ɗauki lokaci, ni kuma na ci gaba da fita ranar da na saba, don ba wanda ya ce in daina. Maigadin yana tara mini ɗan abin da aka aske daga shingen furanni da ganyen da ya zubo, bai kai rabin buhu ba. Ta ƙofa nake hango su. Sun zuba tsakuwa sun daddaɓe, sun kawo ciyawar a naɗe kamar dardumar masallaci, suna warwarewa suna haɗa baki da baki. Na hango nawa a durƙushe, ya ɗaure kansa da ƙyalle, yana jan wuƙa a gefen layi. Ya iya aikinsa, wannan kam na gani, har sauran suna zuwa tambayarsa. Ya ɗago ya gan ni, na juya na kalli katanga, kamar yadda na saba.

Da aka gama, maigadin ya ce in shigo in taka ko sau ɗaya. Kore shar, ko'ina daidai, ba sanƙo ba rami, kamar an zana. Na cire takalmi ɗaya na ɗora ƙafa. Tun hantsi bai yi ba ta riga ta ɗau zafi, tana sukar tafin ƙafa, ga warin taya. Na mayar da takalmina. Tsohon ya ce shi ma an ce masa ƙofar baya za a rufe ta, tunda ba mai yanka, ba motar taki, za a mayar da shi babbar ƙofa, can kuma akwai masu kaki da ke duba takarda. Muka yi sallama. Ya ce in gaida 'yan mata.

Na nemi wani wurin. Na aika wa matan da muke kiwo tare, ko wata za ta raba nata da ni. Mai lambun asibiti ta ce nata ma an rage shi, an yi wurin ajiye motoci. Wata ta ce in zo, amma wurinta can kudu ne wajen Sa'alaba, sai an hau mota an bi babban titi, inda ake tare mutane. Ciyawar shataletale kuwa ta baladiyya ce, hukumar gari, a tsakiyar titi, a idon kowa. Ɗana ya fara sayo barsim, ɗanyar harawar da ake sayarwa a kasuwar dabbobi, yana hawa da ita sama da kansa. Awaki suka ci suka ƙoshi. A nan na gane an gama da ni, don in abinci yana zuwa har sama, me zai fitar da ni?

Ranar yanka ta zagayo, na ɗaura mayafi na jawo arabiya, sai na tarar da surukata a bakin ƙofa. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Inna, ya ce in gaya miki halas, an gama. Ya ce filin ne aka yi alkawari a kansa, filin kuma babu." Na ce ta matsa. Ta ce in na fita, ita zai tambaya, kuma ita ba ta da amsa. Ban taɓa sa yarinyar nan kuka ba, ban kuma so in fara ranar ba. Na mayar da arabiya bayan ƙofa.

Na yi kwanaki ina tunani. Na aika ta da magana iri-iri: a bar ni in je wurin mai gyaɗa kawai in dawo, a bar ni in zaga bayan gida. Kowace ta dawo da a'a. Sai na ga abu ɗaya ne ya rage mini wanda ban taɓa kashewa ba. Na ce a raina, yaron nan tun da aka haife shi bai taɓa jin na yi masa magana ba. In na buɗe baki na roƙe shi da kaina, ba zai iya ƙi ba. Ba ɗan da zai iya.

Wata Juma'a bayan la'asar ya hau sama da damin barsim. Ina zaune a kan tabarma kusa da awaki. Ya ajiye zai juya, na ce, "Kai. Zauna."

Ya waiga ya ga ko matarsa tana bayansa. Ba kowa. Ya zauna a kan siminti kamar an tura shi. Na kalli fuskarsa sosai, na ga ashe furfura ta fito masa a gemu, ban sani ba. Na ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka bar ni in riƙa fita. Ko ba ciyawa."

Da ya buɗe baki da Hausa ya yi, Hausarsa mai nauyi, yana neman kalma ɗaya ɗaya. Ya kira ni yadda Larabawa ke kiran uwa, ya ce, "Yumma, duk ranar da kika fita, ba na iya aiki sai an ce mini kin dawo. In suka ɗauke ki, ba ni da hanyar dawo da ke. Ba ni da kowa da zan je wurinsa. Ki yi haƙuri. A'a."

Na ce ya sake tunani. Ya ce ya yi shekaru yana tunanin, kuma da aka ba su aikin filin kulliya, Allah ya sani, har hamdala ya yi. Wannan ma ya faɗa, bai ɓoye ba. Sannan ya sunkuyar da kai yana kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya. Ni ban yi ba. Na ce ya tashi ya tafi, magariba ta kusa.

Awakin ni na ce a kai su, ba shi ba. Ban ga amfanin in zauna ina kallon dabba a ɗaure tana jiran a hawo mata da abinci ba, na san yadda abin yake. Na aika wa matar nan ta Sa'alaba, ɗanta ya zo da ƙaramar motar kaya. Na gaya masa wadda ba ta son a taɓa mata kunne da wadda sai an riƙe ƙafarta ake tatsa. Daga saman matakala na tsaya, ban sauka ba.

Yanzu ina zaune a hawa na uku. Tagar ɗakina tana kallon bangon maƙwabta, in na leƙa sosai ina ganin ɗan yankin titi da rufin motoci. In an yi mutuwa ana kai ni gaisuwa a mota, a sauke ni a ƙofa, a ɗauke ni a ƙofa. Ɗana kuwa tun ranar nan ya ɗauka an buɗe masa hanya. Yana dawowa daga aiki zai wanke hannu ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado, ya ce Yumma yau mun yi kaza, Yumma an ba mu filin wata makarantar, can ma za a cire ciyawa. Hausarsa har ta fara sakewa. Matarsa tana murna, ta ce ta huta da aike.

Ina amsa masa. Tunda na riga na fara, ba a komawa. Wani lokaci har in tambaye shi ko gwiwar tana damunsa, in ce a dafa masa ruwan zafi. Amma ban sake roƙonsa fita ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. In ya gama labarinsa ya ce mini sai da safe, ya ja ƙofar a hankali don kar ta yi ƙara.